Motar da Lafiyarta Ƙalau

Duk wanda ya ga giɓin da ke bakina sai ya zaci tsufa ne. Ba tsufa ba ne, Kano ce. Haka nan tabban da ke gadon bayana, waɗanda jikokina ke shafawa idan na tuɓe riga ina shan iska, su ma a can na samo su. Ni mutumin Tasawa ne, ta ƙasar Faransa kamar yadda ake faɗa a wancan zamani, na kuwa je Kano neman sana'ar gyaran mota 'yan shekaru bayan babban yaƙi, lokacin da gyaɗa ke tashe. Na rantse wa mahaifiyata ba za ta sake ganina ba sai da sana'a a hannuna. Abin da na zata shi ne ina zuwa za a zaunar da ni a koya mini. Ban san cewa a garin nan kafin a koya maka abu sai an gwada ka ba, kuma kowane gwaji da irin dukansa.

A Fagge motar da ta ɗauko mu ta juye mu. Ban yi taku goma ba na tambayi wani inda ake gyaran kamyo, yadda muke kiran motar kaya a garinmu, nan take aka kewaye ni ana dariya, wai in sake faɗa. Cikin masu dariyar akwai wani mai farar riga da carbi, Malam Ɗanlami, shi ne ya tsawata musu, ya kama hannuna, ya ce in gode Allah da ya haɗa ni da shi. Ya ce akwai wani Alhaji mai gareji da yake neman yara irina, sai dai ba ya ɗaukar kowa sai ya gwada juriyarsa. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: in yi dakon buhunan gyaɗa a bakin tashar jirgi har kaka ta wuce. Na yi ta godiya har ina durƙusawa.

Na yi dako har fatar wuyana ta saɓule, ta warke, ta sake saɓulewa. Duk wanda na gani da babbar riga yana wucewa sai in ƙara sauri, ko shi ne Alhajin ya zo duba ni a ɓoye. Da kaka ta ƙare na tambayi shugaban 'yan dako yaushe za a kai ni garejin. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce wane gareji? Ashe babu Alhaji, babu gareji, wuyana Malam Ɗanlami ya sayar. Da na tare shi a bakin kantunan Kwari na riƙe masa riga, ko murya bai ɗaga ba. Ya yafito wasu ƙarti, suka ja ni bayan wata motar kaya, suka yi ta zabga mini igiyar ɗaure buhu har na daina jin zafi. Yana tsaye yana jan carbinsa, yana ce musu kada su taɓa fuska.

Wanda ya tsince ni wani tsoho ne mai sayar da kanwa, Baba Iliya, mutumin Damagaram da ya daɗe a Fagge. Da ya buɗe baki na ji irin Hausarmu, sai kuka ya ƙwace mini, kukan da duka bai fitar ba. Ya ba ni wuri a zaurensa, matarsa ta shafa mini man shanu a baya, ta dama mini fura irin wadda ake damawa a gida. Bayan gidansa raƙuman fatake ke sauka. Da asuba idan na ji gurnaninsu sai in rufe ido in ɗauka a Tasawa nake, in yi ta jiran in ji ƙarar turmin mahaifiyata. Kewar gida ta fi ciwon bayan damuna.

Gwaji na biyu a tashar mota aka yi mini shi. Wani direba na neman yaron mota, muka taru mu biyu, ni da wani haifaffen Fagge mai suna Mudi. Direban ya ce shi ba ya ɗaukar rago, don hanya akwai 'yan fashi. Ya zana da'ira a ƙasa da ƙafarsa, ya ce wanda ya rage a tsaye shi zai bi mota. Mudi ya fi ni ƙashi, kuma ashe da dutse a cikin dunƙulen hannunsa. Ya kayar da ni, na tashi. Ya sake kayar da ni, na sake tashi. Mutane suna ta sowa kamar ana wasan salla. A wata faɗuwar na ji abu yana yawo a bakina, na tofar, sai ga haƙorana na gaba a cikin ƙasa.

Ina kwance ina tofar da jini wani gajeren mutum mai faɗin ƙirji ya tsuguna kusa da ni. Gajeren wandonsa na kaki ya yi baƙi ƙirin da mai. Ya tambaye ni ko bin mota nake so ko sanin mota. Na ce sanin ta. Ya ce ya kalli faɗan tun daga farko, ban iya duka ba ko kaɗan, amma kuma ban iya kwanciya ba, shi kuwa na biyun yake nema. Wannan shi ne Masta Okeke, Ibo ne mazaunin Sabon Gari, ya koyi inji a soja lokacin yaƙi. Hausarsa ta fi ta wasu Kanawan gudu.

Baba Iliya bai so ba da farko, amma da ya ga na nace sai ya sa rigarsa ta Juma'a, ya sayi goro, ya kai ni da kansa. Sharaɗin Masta a fili yake. Zai ci da ni, ba zai hana ni salla ba, ba zai biya ni ko anini ba. Ranar da ya gamsu da ni zai yaye ni: ya tara direbobi, ya miƙa mini sufana daga cikin nasa, ya ce da bakinsa wannan bakanike ne. Ba tare da wannan kalma ba babu mai mota daga Kano har Damagaram da zai bar ni in taɓa masa ko taya. Kalmar nan ita na zo nema.

Garejin yana daidai gaɓar da Fagge ta ƙare Sabon Gari ta fara, an kewaye shi da tsofaffin kwanon rufi. Ƙofarsa na kallon Fagge, bayansa na jingine da wani lungu da ke shiga Sabon Gari. A ciki Masta yake zaune da matarsa, Maman Ngozi, da 'ya'yansu ƙanana. Akwai kuma babban yaron gareji, Godwin, wanda aka riga aka yaye amma bai tafi ba. Shi ya raɗa mini suna Faransa, ya kuwa bi ni har Masta ma ya manta sunana na yanka. Maman Ngozi ta ware mini tukunya, naman da za ta sa mini kuwa sai ta taka har wajen mahautan Fagge ta sayo. Ban taɓa roƙonta ba, ba ta kuma taɓa yi mini gori ba.

Ni abin da na sani na karatu shi ne hadda. A makarantar allo ta garinmu malam na zaune, ka zo ka kawo karatunka da ka, in ka yi tuntuɓe bulala ta tuna maka. Don haka da Masta ya kwance inji yana nuna mini, sai na shiga haddace sunayen kayan bi da bi, wanda ke fita da fari da wanda ke bin sa, har da ɗan rauji kamar mai tilawa. Godwin ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ranar da Masta ya ce zai gwada ni na miƙe tsaye, na harɗe hannu, na zubo masa sassan kafireto, abin da ke shayar da inji fetur, tun daga murfi har ƙasa ban yi gargada ba. Ya saurara har na gama, sannan ya ce mota ba ta jin karatu.

Ga yadda nasa gwajin yake. Zai kore ka bayan shinge, ya shiga cikin inji ya ɓata wani abu ɗaya. Sai ya kira ka, a tayar da motar, ya tsaya a bayanka da tsohon fambel a hannu, wato bel ɗin nan na roba da ke juya fanka. An yarda ka saurara, ka sansana, ka dafa. Amma duk notin da ka kwance alhali ba nan ciwon yake ba, bulala ɗaya ce. Fambel kuwa ba ya faɗi kamar dorina, naɗewa yake yi, ya zagayo ta haƙarƙari, ya tafi da fata. Wata rana na kasa gane wayar fulogi ce ya sassauta. Ya sa na riƙe ta da hannu, Godwin ya murɗa ƙarfen tayarwa. Wutar da ta bi ta hannuna ta jefa ni cikin kaskon baƙin mai. Daga ranar ko a barci na ji inji na ɗingishi na san fulogi ne.

Ba zan ce ina ƙaunarsa a lokacin ba. Tsoronsa nake ji, wani lokacin har ƙiyayya. Akwai ranar da na bar notin taya bai ɗauru ba, ya dake ni har fambel ya tsinke, ya ɗauko wani, sai da Maman Ngozi ta fito da muciya ta shiga tsakani. Da yamma kuma shi da kansa ya kawo mini ruwan zafi da gishiri, ya ce motar da zan gyara mutane za ta ɗauka, ba buhu kaɗai ba. Gaskiya ya faɗa. Amma bayana ne ke zubar da ruwa, ba nasa ba.

Abu ɗaya ne ya fi ba shi haushi game da ni, ni kuwa a ganina shi ne mafi kyawun halina. A gidanmu ba a ce wa babba ba haka ba ne. Ko a gabanka ya ɓata, sai ka sunkuyar da kai ka ce to. Wata rana ya miƙo mini sufanar da ta fi ƙarfin notin, ya ce in kwance. Na ga sarai ba ita ba ce, amma Masta ne ya miƙo. Na yi ta fama, tana zamewa, har ta cinye kan notin ta fasa mini yatsu. Ya tambaye ni ko ban ga ta yi girma ba. Na ce na gani. Ya ce to me ya hana ni magana? Na sunkuyar da kai, don amsar ma rashin kunya ce. Ranar ya dake ni a kan ladabi, abin da har yau idan na tuna nake jin an zalunce ni.

Daminu suka wuce. Kunnena ya buɗe, fambel ya fara hutawa a kan ƙusa. Sai wani bafatake ya sauka a gidan Baba Iliya, ya ce ya baro mahaifiyata idonta na rufewa, tana tambayar duk wanda ya fito Kano ko ya ga ɗanta. Na kasa cin abinci. Na roƙi Baba Iliya ya je ya yi wa Masta magana, don ni ba zan iya ba. Masta ya ce to, zai yi mini gwajin ƙarshe a kan motarsa ta kansa, wata tsohuwar motar soja da ya saya a gwanjo, wadda ba ya barin kowa ya taɓa. In na ci ya yaye ni, in na faɗi in ƙara shekara.

A cikin kwanakin nan garin ya ɗauki zafi. Bazara ce, ga kuma maganar siyasa. Abin da na tsinta a bakin direbobi shi ne mutanen Kudu na son Turawa su tafi da wuri, manyan Arewa sun ce tukuna, an kuma yi wa juna rashin mutunci a kan haka. Ni da nake talakan Faransa ban ga inda abin ya shafe ni ba. Ana gobe gwajina aka fara jefe-jefe, aka ce an fasa kawuna. Baba Iliya ya ce kada in fita. Na ce masa ko sama za ta faɗo sai na je. Masta ma irin taurin kan ne da shi, ya ce 'yan sanda za su kashe wutar, gwaji na nan.

Da hantsi ya kore ni bayan shinge. Na ji ƙarar buɗe bonet, na ji ƙwanƙwasar ƙarfe, an daɗe. Ya kira ni, yana goge hannu da tsumma, ya ce ya ɓata abu ɗaya, in nemo. Godwin ya murɗa, mota ta tashi.

Na kasa kunne. Na zagaya dama, na zagaya hagu. Na dafa inji, na sansana hayaƙi, na ɗora sanda a kunne na kara a jikin ƙarfe kamar yadda ya koya mini. Wallahi ban taɓa jin injin da ke tafiya daidai kamar wannan ba. Masta ya sa aka kashe, ya ce, "Faransa, me ka ji?"

Kunnena ya riga ya ba ni amsa. Amma mutumin nan da bakinsa ya ce ya ɓata abu. In na ce babu komai, na ce maigidana ya yi ƙarya ke nan, a gaban yaronsa da matarsa. Sai na ce wa kaina ai gwajin ƙarshe ne, dole ciwon ya ɓuya inda kunne ba ya kaiwa. Na ce masa ina zaton kafireto ne. Ya sauko da fambel daga kan ƙusa.

Na shimfiɗa buhu na fara kwancewa. Noti na farko, fambel ya sauka. Na biyu, ya sauka. Na cire bututun fetur, na sauke kafireton, na buɗe cikinsa, na jera 'yar allurarsa da ƙananan sukurorinsa a kan buhu, kowanne tsaf kamar sabo. Dukan ranar ya fi na kullum nauyi, kuma da kowace bulala sai ya ce, "Me ka gani?" Ni kuwa da na ga ba nan ba ne sai na wuce fulogai, na zare su duka. Rigata ta manne da bayana. Godwin ya juya mana baya, yana ta kaɗa kai.

Muna cikin haka muka ji hayaniya. Da farko kamar kasuwa ce ke tasowa daga nesa, sai ta zama ihu, da ƙarar fasa kwano, da gudun mutane. Godwin ya leƙa ta ramin shinge ya dawo fuskarsa ta canja. Ya ce taro ne daga wajen Fagge, da sanduna da adduna da gariyo, sun cinna wa shagon telan da ke kusa da mu wuta. Hanyar tsira ɗaya ce, a zuba kowa a mota a fasa shingen baya a shige Sabon Gari, don lungun ma ya cika da jifa, ba mai ratsa shi da yara a ƙafa. Dukanmu muka juya muka dubi motar. Cikinta na shimfiɗe a kan buhu.

Masta ya jefar da fambel ya ruga ya janyo ƙofa, yana ƙoƙarin zura sarƙa. Da ya samu ya ɗaure, da shi zai dawo ya haɗa injin, don hannunsa ya ninka nawa sauri. Bai samu ba. Adda ta shigo ta tsakanin ƙyauren biyu ta sauka a kan hannunsa na dama. Na ga yatsunsa sun faɗi a ƙasa, sarƙar na lilo. Bai yi ihu ba, wani irin nishi ya yi. Ya tuɓe singileti ya naɗe dungulmin, ya juya ya tokare ƙofar da bayansa, Godwin ya taya shi. Ya dube ni, ya ce, "Haɗa ta."

Na durƙusa gaban buhun na fara tsintar sukurori. Duwatsu na sauka a kan kwano, yara na tsala kuka. Aka jefo tsumma mai wuta ta saman shinge, ya faɗi kusa da durom ɗin fetur, Maman Ngozi ta yi ta watsa masa ƙasa da hannu biyu. Sai na ji an kira ni daga waje, muryar da ba zan manta ba, ta Mudi. Ya ce, "Kai ɗan Faransa, mun san kana ciki. Tsallako, ba da kai muke ba." Shingen ba shi da tsawo, da na so da na haura. Amma mutumin da haƙorana ke wajensa ba shi zai koya mini su wane ne nawa ba.

Na rasa ta inda zan fara, kaina ya ɗauke gaba ɗaya. Can sai na ji bakina na motsi da kansa. Haddar nan ce da aka yi wa dariya. Na kamo ta daga ƙasa ina hawa sama, da raujinta da komai, abin da ya fita a ƙarshe shi ne na farkon komawa. Bakina na faɗa, hannuna na bi. Ban ƙara jin duwatsu ba. Na mayar da allura, na rufe, na ɗora kafireto, na ɗaure bututu, na zura fulogai, kowace waya a gidanta. Ƙyauren na ta lanƙwasowa ciki, tsinin mashi ya huda kwano ya yanki Godwin a kafaɗa, ƙafafun Masta na zamewa a cikin jininsa.

Na kama ƙarfen tayarwa na murɗa. Ta yi tari ta mutu. Na sake murɗawa da duk abin da ya rage a jikina, ta kama. Godwin ya yi tsalle ya shige gaba, na jefa yaran a baya, ni da Maman Ngozi muka ciccibo Masta. Muna sakin ƙofa ta faɗo. Motar ta yi baya da ƙarfi ta kwashe shingen, wani ya kama ƙafata ta gefen bodi, na taka masa fuska da ɗaya ƙafar. Ban tsaya duba ko Mudi ne ba, amma ina fata shi ne.

Na zaci mun tsira. Ashe ni yanzu nawa ya fara. A cikin Sabon Gari an tare hanya da duromomi, ga samari da adduna da kwalabe, wasu da bindigar farauta. A cikin kwata na ga wani ɗan garuwa da nake saya wa Maman Ngozi ruwa a wajensa, yana kwance rub da ciki, garewaninsa na gefe. Suna ganin tsagar fuskata suka finciko ni daga mota. Aka buga mini gindin bindiga a ƙeya, aka sare ni a baya, na ga adda ta ɗaga a kan wuyana. Maman Ngozi ce ta faɗo kaina da dukan jikinta, ta lulluɓe ni da zaninta tana zaginsu. Masta ya miƙe a bayan mota, ya ɗaga naɗaɗɗen hannun nan jini na bin gwiwarsa, ya yi musu magana da harshensu. Ban ji komai a ciki ba sai kalma ɗaya, Faransa. Suka ja da baya.

Na yi kwanaki a ɓoye a ɗakin 'yar uwar Maman Ngozi, ita ke wanke mini sara. Da ƙura ta lafa aka ce garejin ya ƙone ƙurmus. Masta ya fito daga asibiti ba yatsa ko ɗaya a hannun dama sai babban. Ya ce zai kwashe iyalinsa su koma garinsu. Na raka su tashar jirgi, Baba Iliya ya biyo ni da ƙullin dabino ya ba yaran. A nan inda na yi dakon gyaɗa muka tsaya, Masta na zaune a kan akwati, ya rame, wata jakar buhu a tsakanin ƙafafunsa.

Ya ce, "Faransa, ba mu gama ba. Me ya sami motar?"

Na dubi hannunsa. Ban san lokacin da na ɗaga kai na dube shi ido cikin ido ba, abin da ban taɓa yi wa babba ba. Na ce, "Babu abin da ya same ta. Lafiyarta ƙalau. Ƙarya ka yi mini, Masta."

Baba Iliya ya yi salati a hankali. Masta kuwa ya gyaɗa kai, ya ce, "Tun yaushe ka sani?"

"Tun da aka tayar da ita."

Ya ce gwajin ke nan, duk wanda ya yaye ta nan ya bi, har Godwin. Gobe direba zai kawo mini mota ya rantse ta lalace, Alhaji zai faɗa, Bature zai faɗa. Idan kunnena ya ce lafiya, bakina kuma ya kasa faɗa, to zan yi ta farke lafiyayyun motoci ina kashe mutane cikin ladabi. Na ce masa wannan ba gwaji ba ne, tarko ne, an haƙa shi daidai inda iyayena suka ce in taka. Na ce da ya faɗa mini ana iya cewa babu. Ya ce da ya faɗa, da me zai gwada? Har yau ban yarda da shi ba. Na yaye yara da yawa a Tasawa da Maraɗi, ina ɓata musu inji su nemo, amma tun ranar farko nake gaya musu wata rana zan yi musu ƙarya, kuma ina so su kama ni. Fambel kuwa a gareji na aikinsa juya fanka.

Jirgi ya yi kuka, aka fara turereniya. Na taya su ɗora kaya. Na ga zai shiga bai faɗi kalmar da na zo nema ba, babu direbobi, babu taro, sai na riƙe ƙofar taragon na tambaye shi, na ci ko na faɗi? Ya dube ni, ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya tura mini jakar buhun nan da ƙafa. Mutane suka danno shi ciki. Na bi taga ina kira, Maman Ngozi kaɗai na hango tana ɗaga mini hannu tana kuka. Da jirgin ya ɓace na buɗe jakar. Sufanunsa ne, waɗanda ke cikin motar ranar da muka gudu. Ba guda ɗaya ba kamar yadda ake ba wanda aka yaye, dukansu ne.

Na isa Tasawa an fara shuka. Mahaifiyata na zaune a bakin ɗaki, idon ya riga ya tafi. Ta shafa fuskata, yatsanta ya faɗa cikin giɓin. Na zube mata jakar a kan tabarma, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana lalubawa, tana jin sanyinsu da nauyinsu. Ta ce, "Maigidan naka ya ce ka iya?"

Na ce mata ya ba ni kayan aikinsa gaba ɗaya. Ta ɗaga hannu ta yi ta sa masa albarka, shi da zuriyarsa. Ban gaya mata cewa mutumin da ya ba ni su ba shi da sauran hannun da zai riƙe su ba.